Daɓen Tsohon Soro a Shekarar Fara

Ku da kuke zuwa kallon Tsohon Soro, kuna shafa daɓensa da tafin hannu kuna cewa ai bugun ƙasa ne kawai, duk macen da ke da hannu biyu ta iya, ku matso ku ji. Ni ce Indo, uwar daɓen garin nan tun Turawa na yawo bisa doki. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma daga Yashe har Boko, a zamanina, da wuya ku ishe ɗakin amaryar da bai sha madaɓina ba.

Daɓen farko da aka bari na sa hannu, ɗakin wata amarya ne a Boko. Ina budurwa, ina bin Gwaggo Yalwa, ƙanwar babana, wadda ita ce uwar daɓe kafin ni. Ta yanka mani kusurwa ɗaya, ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Na zuba tsakuwa, na yayyafa ruwa, na hau bugu da ƙarfin ƙuruciya kamar an kamo mani ɓarawon kaji. Kafin la'asar wuri ya yi sumul, ina ta washe baki. Gwaggo ta zo ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne.

"Ke, zo ki ji."

Na ƙwanƙwasa, na ce ni ban ji komai ba.

"Ganga kika yi mani. Bisa ya kama, ciki rami. Kafin yarinyar nan ta yi haihuwar fari ƙafar gado ta burma. Ɗauko fartanya."

A gaban mata ta sa na farfashe shi, na sake tun daga tushe. Ran nan na san ƙarfi ba shi ne daɓe ba. Bugun farko lallashi ne, kina kwantar da tsakuwa ta san makwancinta. Sai ta zauna sannan ki ƙara hannu. Mai ƙarfin kuma sai can ƙarshe, lokacin da ƙasa ta fara mayar maki da madaɓi da kanta. Kunne ke gaya maki lokaci, ba ido ba.

Madaɓi ice ne mai faɗin tafi, mariƙinsa ya ɗan ɗago kamar wuyan agwagwa. Nawa na kirya ne. Wani masassaƙi a kasuwar Kankiya ya sassaƙa mani shi, na yi ta mayar mashi yana ragewa, har ya ce ko matar da ya aura ba ta ba shi wahalar da na ba shi ba. Ba na aron madaɓi, ba na ba da nawa aro, don kowane hannu da nauyin da yake ɗauka. Tsakuwa kau ta marmara ake biɗa, ja, ƙanana kamar ƙwayar gujiya, a tankaɗe ta a fidda gari. Ta rafi santsi gare ta, ba ta riƙe 'yar'uwarta.

Amma ran daɓe makuba ce. In an fasa ɗorawa da bazara, yara su lashe garin, a kai kalwa wurin masu daddawa, ɓawon nan da ya rage shi ne makuba. A shanya, a daddaka, a jiƙa a tukunya har ruwan ya yi duhu ja-ja kamar ruwan goro. Shi ake yayyafawa da tsintsiya a bugun ƙarshe. Shi ke ɗaure ƙasa, ya kori gara, ya hana ruwa shiga, ya sa daɓe ƙyalli. Jiƙon fari shi ne mai ƙarfi, kuma ba ya jira: in ya nuna aka bar shi a tukunya, sai ya tsinke, ƙarfinsa ya kwanta a gindi. Shekarar da ɗorawa ta yi albarka, jiƙon fari kaɗai muke aiki da shi, mu watsar da tukar a bayan ɗaki.

Bugun makuba daga ƙurya ake fara shi. Mata su jeru a duƙe, suna bugu suna ja da baya, har su fita ta ƙofa, ba wadda ta taka inda aka gama. Kuma a zama ɗaya ake yi. In aka tsaya aka bar baki ya bushe, nan wurin zai tsage ko bayan shekara nawa ne.

Zauren wani malami a Yashe na taɓa yi, ya ce shi bai yarda a yi mashi waƙa a gida ba. Muka ce to. Muka duƙa shiru kamar masu zaman makoki, wannan ta buga, waccan ta buga, kowa da nata. Da rana ta ɗago ya leƙo, ya ishe daɓe tudu da kwari kamar gonar dankali. Ya tsaya yana jan gemu.

"Baiwar Allah, me ya faru?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, waƙar nan ba ado ba ce. Ita ke sa madaɓai su sauka tare."

Ya ce, "To ku yi. Amma ku riƙa sako salati a tsakani."

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai uwar amaryar da ke son ta ga fuskarta a daɓe, ita kau furar da za ta dama maku kuna hango gindin ƙwarya. Akwai Sarkin Fawa, wanda na yi wa zaure har uku, bai taɓa barin mu tafi ba tare da ƙafar sa ba. Har barikin Kankiya an kai mu muka daɓe barandar Bature, matarsa ta karɓi madaɓin ɗaya daga cikinmu ta gwada, bugu kaɗan ta ajiye tana hura tafin hannu. Duk waɗannan aikin ci da kai ne. Aikin suna ɗaya ne, shi ne Tsohon Soro.

Wanda ya sari garin nan shi ya gina shi, tun zamanin mahara. Shi ya sa ƙofarsa ɗaya tak, gajera, sai ka sunkuya, bango kau kaurinsa ya kai mutum ya kwanta a kai. Ba ginshiƙi a tsakiya, bakunan gini ne suka ɗauki rufin. A jikin bango ga bakan harbin wanda ya gina shi da kwarinsa a rataye. Kowace kaka, in an kai amfani gida, a filin gabansa ake kalankuwa: dambe, kokawa, gaɗar 'yan mata, Fulani da ƙoren nono, masu tsire, masu koli. Mutane daga Kusada, daga Kankiya, daga Ingawa, har daga ƙasar Kazaure. Baƙon da ya zo bai shiga Soro ba, in ya koma gida sai a ce mashi bai je ba. Da aka fasa hanyar mota daga Kano zuwa Katsina, har Turawa sukan ratso su tsaya da akwatin ɗaukar hoto.

Shekara duka Soro na maza ne. Nan mai gari ke zama, nan ake sasanta rigima, mace iyakarta bakin ƙofa. Amma in kalankuwa ta gabato, sai a ba mu shi mu sabunta daɓe. Mai gari ya naɗe buzunsa ya koma gindin tsamiyar da ke fuskantar ƙofa. Daga ranar har mu gama, namijin da ya shiga Soro ya shiga waƙa, da sunansa da irin tafiyarsa, kuma waƙar nan sai ta bi duk bikin da aka yi a shekarar. Ba wannan kaɗai ba. Abin da mace ba ta iya faɗa a gida, nan take faɗa. Wanda ya hana matarsa hatsi, wanda ya ci gonar marayu, duk sai mu sa a bakin madaɓi, mai gari na gindin tsamiya yana ji, ba shi da inda za shi kai kunnensa. Bayan kalankuwa sai ka ga an kira mutum a asirce an gyara mashi zama.

To, sai shekarar fara ta zo. Ta sauka daidai lokacin da ɗorawa ta fidda jajayen tuntunta, ta lashe su ƙaf. Da bazara ko kwanso ɗaya ba a fasa ba a ƙasar nan. Damina kuma ta zo da hauka. Ruwa ya huda rufin Soro ta can ƙurya, ya yi ta zuba a ciki, daɓen da aka gada tun kakanni ya jiƙe ya kumbura, gara ta samu hanya. Ba maganar sabuntawa kuma, sai dai a haƙe shi duka a sake. Lokacin Gwaggo Yalwa ta rasu, madaɓin gaba na hannuna.

Mai gari ya aika a kira ni. Na ishe shi gindin tsamiya da fadawansa, ga Sarkin Magina Ɗanlami zaune kusa da wasu ganguna na ice da ban taɓa ganin irinsu ba. Ɗanlami ɗan Gwaggo Yalwa ne, taubashina, ni ɗiyar namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nike ce mashi.

Mai gari ya ce, "Indo, kin ga abin da ya samu Soro. Baturen da ke aikin hanya ya leƙa ya ga ramin, ya aiko mamu da siminti, ragowar ginin kwalbati. Kyautar manya ba a mayar da ita ba dalili."

Ɗanlami ya karɓe. "Ranka shi daɗe, sau ɗaya za a zuba, an gama har jikoki. Ba waƙa, ba habaici, ba korar ka gindin tsamiya kowace shekara tsuntsaye na yi maka kashi a rawani."

Fadawa suka yi dariya, irin dariyar wanda aka taɓo mashi inda ke yi mashi ƙaiƙayi. Da yawansu sun sha shiga waƙa.

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, wai bawana ne ke magana? Wannan da uwarsa ta goye shi tana bugun daɓe, har kansa ya baje ta baya? Yau ya ga toka a ganga ya manta nonon da ya sha."

"Uwargijiyata, da me za ki yi daɓen? Da miyan bakinki? In da shi ne na san ya isa har masallaci. Amma ɗorawa ba ta haihu ba bana."

Mai gari ya ɗaga hannu. Ya ce ya ba ni daga nan zuwa kalankuwa. In ranar ta zo aka zuba ruwa a daɓe ya tsaya bai shige ba, babu tsaga, babu sawun ƙafa, Soro na nan a hannun mata yadda aka gada. In kau aka samu ɗaya daga ciki, Ɗanlami shi fasa gangunansa, kuma an gama ba mata Soro ke nan.

Makuba ba ta ƙare a garin ba, na san wannan. Duk uwar da ke da ɗiyar da za ta aurar da kaka, tun bara take tara makuba a rumbu don ɗakin amarya, tana ɓoyonta kamar gishiri. Ni ma ina da tawa, ta ɗiyata Hajo. Da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, na juye ta a babban kwando na ɗora a kai, na bi ta tsakiyar gari a hankali, na dire ta a ƙofar Soro. Sannan na fara shiga gida-gida.

Wasu tun ban zauna ba suka hau rumbu. Wasu suka rantse ɓera ya cinye, alhali ɓera bai taɓa cin makuba ba. Barira, matar wani mai jakai, ita ta fito mani a fili.

"Yaya Indo, ki yi haƙuri. Ɗiyata ɗaya. In kai ta ɗakin ƙura, dangin miji su zo su shafa ƙasa su kalli juna? Ba da ni ba."

Na ce, "Barira, shekaran bara da maigidanki ya kama akuyarki ya kai kasuwar Kankiya bai gaya maki ba, ina kika kai kuka?"

Ta sunkuyar da kai. "Soro."

"Akuya ta dawo?"

"Har da ɗa."

"To ɗiyar taki fa? Gidan miji za ta. Ran da aka kama tata akuyar, ina za ta faɗa? Ko siminti za ta yi wa waƙa?"

Ta kira yarinyar ta ce ta ɗauko tsani. Kowace uwa na yi mata alkawari: bana mu daɓe ɗakin amarya da ruwa da bagaruwa, baɗi in ɗorawa ta haihu ni da kaina zan zo in sake shi da jiƙon fari. Na kau cika, ɗaki bayan ɗaki.

Da aka tara duka na duba, na auna da ido. In jiƙon fari kaɗai za a yi, ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na Soro ba. Dole a jiƙa tuka ta biyu, a jiƙa ta uku, abin da Gwaggo ba ta taɓa yi ba. Kuma ga inda matsalar take. Jiƙon fari shi ke fara nuna, ba ya jira. In muka bi yadda aka saba, ƙurya ta sha mai ƙarfi, bakin ƙofa kau, inda ƙafar duniya ke sauka, ya samu tsararo. Kafin a tashi daga kalankuwa ya zama gari.

Muka haƙe tsohon daɓe, muka kwaso tsakuwa a kai daga ramin marmara, muka yi bugun lallashi, muka yi na tsakiya, kullum waƙa na tashi mai gari na sha. Ramin rufin nan na ƙurya na ce wa Ɗanlami shi bar mani shi a buɗe don iska da haske. Ya ce ai ko ban roƙa ba, ba shi ɓata azararsa a kan daɓen da za a fasa.

Ranar makuba, da sassafe, na sa aka shigar da tukwanen jiƙo da tulunan ruwa can ƙurya, ƙarƙashin ramin. Na ce mata su shiga duka su jeru a bakin ƙofa, fuska waje, baya ciki. Tabawa, matar Ɗanlami, ƙatuwar mace ce, duk garin ba mai hannunta a bugu. Ta dube ni.

"Yaya Indo, kin juya mu."

"Na juya ku. Ƙofa ce za ta sha jiƙon fari. Ƙurya wa ke taka ta, in ba mai gari da buzunsa ba?"

Suka ce gaskiya ne, suka duƙa. Ni na san inda za mu ƙare. Ban faɗa ba, don in na faɗa rabinsu za su tuna ƙugu na yi masu ciwo.

Ban taɓa jin bugu irin na ran nan ba. Madaɓai na sauka kamar hannu ɗaya, Soro na amsawa. Jiƙon fari ya kai mu inda ya kai, na biyu ya nuna muka ɗora tun baki na ɗanye, na uku ya biyo. Ba wadda ta miƙe sai don ta sha ruwa. Can wajen la'asar sai na ji waƙa ta fara mutuwa daga gefe. Bayan mata ya taɓa bango.

Muka miƙe. Gabanmu daɓe ne ɗanye shar, yana ƙyalli tun daga yatsun ƙafarmu har bakin ƙofa. Mu kau mun cure a wuri kamar na ɗaure jakai biyu, da tukwane, da tuluna.

Barira ta ce a hankali, "To, ta ina za mu fita?"

Maza sun riga sun gano. Suka taru a bakin ƙofa suna leƙe daga waje, suna riƙe ciki. Ɗanlami ya tsuguna daidai dokin ƙofa, ya kula ƙwarai kada ko yatsansa ya tsallaka.

"Sannunku da aiki! Ku taho mana, hanya ga ta sumul. Uwargijiyata, ke fara. Sawu ɗaya kawai nike biɗa, ko na ƙaramin yatsa."

Daɓen makuba ba ya ɗaukar ƙafa sai ya kwana ya wuni. Ga masu shayarwa a cikinmu nono ya cika, ana jiyo kukan jarirai daga gidaje, ga tuwon dare ba a ɗora ba. Wata yarinya ta fara cewa ita dai a bar ta ta bi gefen bango da sanɗa. Na riƙe mata zane.

Na ɗaga murya. "Bawana! Hau bisa ka sauko mamu da tsani ta ramin nan."

Ya kau hau, don ya fi jin daɗin dariyar daga can. Muka ji takunsa a rufi. Sai ga kansa ya zuro ta rami, hula a karkace, yana kallonmu kamar kaji a akurki.

"Tsani na nan, sabo, na giginya. Abu ɗaya za ki ce, maza na ji: siminti ya fi."

"Ko da nan za a yi mani sutura."

Tabawa ta ce, "Sarki, ka ji tsoron Allah, ban ɗora tukunya ba."

"Na ci a gidan ƙanena."

Sai Barira ta taɓa ni. Ta nuna bisa da haɓa. Ta ce, "Yaya Indo, wancan kan, a waje yake ko a ciki?"

Na duba. Na ce, "Mata, ku shaida. Wuyansa ma ya shigo."

"Namiji a Soro!"

Kafin ya janye, Tabawa da kanta ta ɗauko waƙa, mata suka amsa suna buga madaɓai a juna:

Wa ya leƙo ta rami, Ɗanlami,
Gafiya ta ga rumbu, Ɗanlami,
Kai a ciki, gindi a rana.

Mazan da ke ƙofa suka bar yi mamu dariya suka koma kansa. Har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Ɗanlami ya san abin da ke jiransa: kowane biki, kowane suna, daga nan har kaka ta zagayo, kuma shi mutum ne mai zuwa gini garuruwa. Ya maido kai, wannan karon ba dariya.

"Indo, don darajar Gwaggonki, ki kashe waƙar a nan."

"Tsani."

"In na sauko da shi ta mutu?"

"Ta mutu. Amma ka rataye shi da igiya a jikin azara, kada ƙafarsa ta taɓa mani ƙasa."

Haka aka yi. Aka fara janye tukwane da igiya, sannan masu shayarwa, sannan saura ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta hau, sai na yayyafa makuba na buge inda ta tsaya. Tabawa ta maƙale a rami, rabi a sama rabi a ƙasa, tana ce wa mijinta shi ne bai iya huda ba, sai da ya sa hannu ya ƙara faɗin wurin. Ni ce ta ƙarshe. Na hau matakin ƙasa, na saƙala ƙafa, na riƙe da hagu, na zuro jiki na buge ɗan wurin da ya rage da dama, tsani na lilo da ni, har na ji ƙasa ta mayar mani da madaɓi. Da na fito bisa rufi, mata na tsaye a jere, gari duka a ƙarƙashinmu. Tun da aka gina Soro mace ba ta taɓa hawa nan ba. Muka saki guɗa har Fulanin da ke mashaya suka juyo.

In faɗi gaskiyar bawana: shi ya jibge ƙaya a ƙofa don awaki, kuma kafin kalankuwa ya ɗinke rufin da azararsa mafi kyau.

Ranar kalankuwa gari ya cika tun hantsi. An ji labari har Kusada cewa mata sun fita ta rufi, kowa na son ya gani da idonsa. Aka janye ƙaya. Daɓe ya bushe ya fito kala uku: bakin ƙofa baƙi wuluk kamar an shafa mai, tsakiya ja, ƙurya fari-fari kamar wayewar gari. Mutane suka yi ta turereniya suna leƙe, ba wanda ya shiga.

Mai gari ya karɓi ƙwaryar ruwa, ya tsaya daga waje ya zuba a bakin ƙofa. Ruwa ya dunƙule ya tsaya kamar a kan fata. Jama'a suka yi kabbara.

Ɗanlami ya ce, "Ranka shi daɗe, nan jiƙon fari ne, ko ni na san zai riƙe. A gwada ƙurya."

Gaskiyarsa ce, kuma ni kaina ban taɓa gwada jiƙo na uku ba. Na ce a gwada, amma ba ƙafar namiji ce za ta kai ruwan ba. Na kira amaren bana, waɗanda makubarsu ke kwance a wurin nan, Hajo da ɗiyar Barira da sauran. Suka shiga a jere ba takalmi, kowace da ƙwarya a kai, suka taka baƙi, suka taka ja, suka tsaya a kan fari. Na ce su juye.

Fili ya yi tsit, har makaɗa suka dafe ganga. Ruwan ya bazu a ƙurya, ya tsaya. Muna kallo, yana nan. Sannan a hankali ya haɗa kai ya gangaro, ya ratsa tsakiya, ya zo ya tsallake dokin ƙofa ya jiƙa wa mai gari yatsun ƙafa.

Ɗanlami ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya ce, "Har gangare kika yi mashi, muguwa."

Mai gari ya juya ya ce a kai gangunan siminti bakin rijiya, Sarkin Magina shi ɗaure mata baki, mata su huta da taɓo, Bature kuma in ya tambaya a nuna mashi kyautarsa na aiki. Soro kau, ya ce, na masu shi ne.

Sannan ya juyo, buzunsa a hammata, baƙi na bayansa har bakin kasuwa, rana na dukan kowa. A gaban duk jama'ar nan ya ce, "Indo, a shigo?"

Na gyara ɗaurin zane. Na duba daɓe, na duba sama kamar mai lissafi. Na bar shi ya ɗan ƙara shan rana.

Sannan na ce, "Allah shi ba ka nasara, a goge ƙafa."